'Ya'yanmu Na Sakandare Da Katin Zaɓe: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan watan za mu tattauna ne a kan wani al'amari da mu iyaye mata muka daɗe muna ɗauka cewa ba namu ba ne, alhali kuwa a ɗakunanmu masu yin sa suke kwana suke tashi. Wannan al'amari shi ne koya wa 'ya'yanmu da ke makarantun sakandare yadda ake yin rajistar zaɓe da yadda ake jefa ƙuri'a, tun kafin ranar ta zo.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu ya faru ne ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, ina tsaye a layin mata a rumfar zaɓen unguwarmu. A bayana akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, wadda ba ta daɗe da gama sakandare ba, kuma kowa a layinmu ya san ta da ƙoƙari. Da muka matso kusa da teburin ma'aikata sai na ji ta taɓa ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Anti, don Allah a ina ake dangwalawa?" Ita a zatonta hoton ɗan takara za ta gani a jikin takardar, ba ta san cewa alamar jam'iyya kawai ake sawa ba. Ba ta kuma san cewa takardu uku za a ba ta ba. Na yi mata bayani a gaggauce, amma har na dawo gida abin yana damuna. Yarinyar nan ta yi shekara shida a sakandare, ta rubuta jarabawa a kan dimokuraɗiyya ta ci, amma ranar da aka miƙa mata takardar ƙuri'a sai ta zama baƙuwa. Kuma ita ma ta yi ƙoƙari da har ta zo. Ƙawayenta da yawa ko rajistar ba su yi ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, namiji ko mace, damar yin rajista da jefa ƙuri'a. Idan kika duba, yawancin yaranmu suna cika waɗannan shekaru ne a ajin ƙarshe na sakandare, ko kuma shekara ɗaya ko biyu bayan sun gama. Wato ke nan yaron da kike ba kuɗin tara yau da safe, gobe shi ne doka za ta tambaya wa yake so ya mulki jiharsa.

Kafin zaɓen 2023, hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ta bayyana cewa mutum miliyan 93 da dubu 469 ne ke cikin kundin masu zaɓe. A cikinsu kusan kashi 40 cikin ɗari matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. Da aka rarraba su bisa sana'a, ɗalibai ne suka fi kowa yawa, su sama da miliyan 26, sai manoma da masunta, sai kuma mu matan aure da muka kai kimanin miliyan 13. Mata gaba ɗaya sun kai kashi 47.5 cikin ɗari. Jihar Kano kaɗai tana da mutum kusan miliyan 6 a kundin, Legas ce kawai ta fi ta.

Amma da ranar ta zo, ƙuri'un da aka jefa a zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 25 ba, wato kimanin kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista. A zaɓen 2003 kuwa kusan kashi 69 ne suka fito, a 2015 suka koma kimanin 44, a 2019 kimanin 35. Kullum abin ƙasa yake yi. Sannan a cikin ƙuri'un na 2023, sama da dubu 900 an soke su ne saboda sun lalace. Mutum ya baro gidansa, ya sha rana a layi, amma ƙuri'arsa ta tashi a banza, sau da yawa don kawai bai iya dangwalawa daidai ba.

Wata za ta ce ai ƙuri'a ɗaya ba ta hana komai ba ta sa komai. To, mu tuna zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019. Bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya yi nasara ne da ratar ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da manyan 'yan takara biyu kowannensu ya samu sama da ƙuri'a dubu 500. Akwai makarantun gwamnati da yawa a garuruwanmu da 'yan ajin ƙarshensu kaɗai sun fi wannan adadi.

Haƙƙin da ba a sama aka tsince shi ba

Ya kamata 'ya'yanmu, musamman mata, su san cewa wannan dama da suke gani kamar ba komai ba, kakanninsu ba su same ta cikin sauƙi ba. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya share fagen samun 'yancin kai, matan kudancin ƙasar nan sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ba a ba su wannan dama ba. Haka aka yi ta tafiya har jamhuriya ta farko ta faɗi. Sai a 1976, lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, sannan suka shiga babban zaɓen 1979. Ke nan a gidaje da yawa akwai tsohuwar da ta yi aure har ta haihu a lokacin da doka ba ta yarda ta zaɓi ko kansila ba.

Cikin waɗanda suka sha wuya a kan wannan batu akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Tana da ƙuruciya ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, ta jagoranci ɓangaren mata, kuma an ɗaure ta a kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau akwai asibiti mai sunanta a Zariya, akwai kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Bayero ta Kano, amma ki tambayi 'yarki ko ta san abin da matar ta yi. Wannan labari ne da uwa za ta iya bayarwa ana tsinke zogale a tsakar gida, kuma idan akwai kaka a gidan, a bar ta ta faɗi da bakinta yadda ta ji ranar da ta fara shiga layin zaɓe.

Abin da makaranta ke koyarwa, da abin da ta bari

Ba za a ce makarantu ba sa yin komai ba. An daɗe ana koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda yara ke kira sibik, har ana rubuta shi a jarabawar WAEC da NECO. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta haɗa shi da tarihin Nijeriya a manyan azuzuwan sakandare. A cikin darasin yaro zai haddace ma'anar dimokuraɗiyya, da rassan gwamnati uku, da ayyukan hukumar zaɓe.

Matsalar ita ce hadda ce don cin jarabawa. Malami ɗaya a gaban yara tamanin ko ɗari, da alli da allo kawai, ba abin da zai iya sai ya rubuta su kwafa. Yaro zai iya jero miki ayyukan INEC guda biyar, amma bai san inda ofishinta yake a ƙaramar hukumarsu ba. Bai taɓa ganin samfurin takardar ƙuri'a ba. Bai san sunan mazaɓarsa ba, balle lambar rumfarsa. Kamar a koya wa yarinya sunayen kayan miya ne a littafi, ba a taɓa barinta ta hura wuta ba, sannan ranar da ta tare a ce ta yi tuwon baƙi.

Akwai kuma wani gibi babba, wato sanin wane ne ke da alhakin me. Yara da yawa, har ma da manya, shugaban ƙasa da gwamna kawai suka sani. Ya kamata ɗalibi ya san cewa akwai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 a Abuja, akwai 'yan majalisar jiha da ke amincewa da kasafin kuɗin da ake gyara makarantarsa da shi, akwai kuma shugabannin ƙananan hukumomi 774 da kansiloli. Ya san cewa yawancin sakandaren gwamnati a hannun jiha suke, don haka idan rufin ajinsu yana yoyo, gwamna da ɗan majalisar jiha ne abin tambaya. Ya kuma san cewa zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, in ban da a Abuja, amma da katin nan guda ake yin sa. Yaron da ya gane wannan zai fahimci cewa ƙuri'a tana da alaƙa da bencin da yake zama a kai da maganin da ake nema a asibitin unguwa.

Har ila yau, tun da aka sa hannu a gyaran tsarin mulki na ranar 31 ga Mayun 2018, mai shekara 25 zai iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai, maimakon 30 da ake buƙata a da. Wato ɗalibin da ke ajin ƙarshe yau, cikin shekara bakwai ko takwas shi kansa zai iya neman a zaɓe shi.

Zaɓen gwaji: gani ya kori ji

Hanya mafi sauƙi ta cike wannan giɓi ita ce makaranta ta mayar da zaɓen shugabannin ɗalibai ya zama darasi. A makarantu da yawa malamai ne ke zama a ofis su naɗa shugabar ɗalibai da mataimakanta. Wasu makarantun kuwa sun fara barin yara su zaɓa, kuma abin ba ya cin wani kuɗi.

Ga yadda za a iya tsara shi. Mako biyu kafin zaɓe a buɗe rajista, kowane ɗalibi ya je da kansa a rubuta sunansa a ba shi ɗan kati na kwali. A sa ranar rufewa, kuma duk wanda ya yi sakaci har aka rufe, to ba zai yi zaɓe ba ko da ɗan shugaban makaranta ne. Wannan kaɗai darasi ne da ba zai manta ba. A lika sunayen a bango domin duk wanda ya ga kuskure ko sunan da aka maimaita ya yi ƙorafi. 'Yan takara su tsaya a gaban taro kowa ya faɗi abin da zai yi, a bar ɗalibai su yi musu tambayoyi. A ba kowane ɗan takara alama, kamar buta ko tukunya ko agogo, kada a yi amfani da alamar wata jam'iyya ta gaske. Ranar zaɓe a kafa labule, a ajiye tawada da kwalin da aka huda, kowa ya dangwala a asirce. Bayan an gama a ƙirga a fili da ƙarfi a gaban wakilan 'yan takara, a ware lalatattun ƙuri'u a nuna wa kowa dalilin lalacewarsu, sannan wakilai su sa hannu a takardar sakamako.

A ƙarshe wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu a gaban kowa. Wannan ɓangaren yana iya fin sauran muhimmanci, domin yaron da ya koyi shan kaye yana ɗan shekara 16 ba zai ɗauki makami ba don gwaninsa ya faɗi yana ɗan shekara 20.

Uwargida, ke ce za ki iya tayar da wannan magana a taron iyaye da malamai. Sau da yawa mukan je taron nan mu zauna a baya, a gama maganar kuɗin makaranta mu watse. A wannan karon ki ɗaga hannu ki tambaya ko makarantar za ta iya shirya irin wannan zaɓe, ko kuma ta rubuta wa ofishin INEC na ƙaramar hukuma ta gayyaci jami'in wayar da kai ya zo da samfurin takardu ya nuna wa 'yan ajin ƙarshe. Matasa masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa makarantu su ma za su taimaka, domin tun zaɓen 2011 irinsu ne ke riƙe da yawancin rumfunan zaɓe. Sharaɗi ɗaya kawai za a kafa: malami ya koyar da yadda ake zaɓe, kada ya koyar da wanda za a zaɓa. Aji ba dandalin kamfe ba ne.

Matakan rajista da ya kamata kowace uwa ta sani

Abu na farko, rajista ba a yin ta kullum, kuma ana rufe ta watanni kafin zaɓe. Wadda aka yi domin zaɓen 2023 an buɗe ta ne a ƙarshen Yunin 2021, aka rufe ranar 31 ga Yulin 2022. Duk yaron da ya ce sai zaɓe ya matso zai yi, to jirgi ya bar shi, sai kuma bayan shekara huɗu. A watan Agustan 2025 hukumar ta sake buɗe wata rajistar domin shirin zaɓen 2027. Don haka a riƙa sauraron sanarwa a rediyo, domin ranaku da wasu ƙa'idoji kan sauya daga zaɓe zuwa zaɓe.

Na biyu, sai yaro ya cika shekara 18 cif. Tun daga 2021 ana iya fara cike bayanai ta intanet a waya, amma wannan somin-taɓi ne kawai, dole mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Yara da yawa sun cike ta waya suka ɗauka sun gama. A tafi da takardar haihuwa ko wata shaida ta hukuma, kuma kyauta ake yi, ba a biyan ko sisi.

Na uku, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da abin da ke jikin lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda yaro ya riga ya buƙata domin jarabawar JAMB. A nan ne wasu iyaye ke cutar 'ya'yansu ba su sani ba. Wani ɗan siyasa ko yaronsa zai zo ya kwashi yara 'yan shekara 15 ko 16 a ƙara musu shekaru a yi musu kati. Ban da kasancewarsa laifi a doka, yaron zai tashi da ranakun haihuwa biyu a takardun hukuma, kuma gyaran wannan wahala ce ranar neman aiki ko fasfo. Mafi muni kuma, darasin farko da ya koya a kan zaɓe shi ne ƙarya, da sanin iyayensa.

Na huɗu, sau ɗaya ake rajista a rayuwa. Wanda katinsa ya ɓace ko ya lalace sai ya nemi a sake masa wani, ba sabuwar rajista zai yi ba. A aikin 2021 zuwa 2022, cikin mutum sama da miliyan 12 da suka kammala sabuwar rajista, hukumar ta soke kusan miliyan 2 da dubu 800, akasari saboda maimaitawa.

Na biyar, takardar da ake bayarwa ranar rajista ba ita ce katin ba. Sai an koma an karɓi katin dindindin, kuma mai shi ne zai karɓa da kansa, ba a aike. Kafin zaɓen 2023 katuna sama da miliyan 6 ne suka rage a ofisoshin hukumar ba a karɓa ba.

Sai kuma batun inda za a yi rajistar. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, kuma mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. Saboda haka ɗalibin makarantar kwana gara ya bari sai ya zo hutu ya zaɓi rumfar da zai iya takawa da ƙafa daga gida. A 2023 an rufe jami'o'i na kusan mako uku saboda zaɓe, kuma waɗanda suka yi rajista a kusa da makaranta suka koma garuruwansu, da yawa ba su samu yi ba.

'Ya mace tana da nata ƙarin

A wajenmu yarinya takan gama sakandare, ba da jimawa ba a yi mata aure, wani lokaci a kai ta wata unguwa mai nisa ko wani gari. Idan ta yi kati a gidan iyayenta, to sunanta yana can. Mafita ita ce a nemi sauyin rumfa a lokacin da rajista take buɗe, a mayar da ita kusa da gidan mijinta. Mata da yawa ba su san da wannan ba, sai su ajiye katin a ƙasan akwati ya zama na nunawa a banki kawai. Yadda muke lissafa wa amarya kayan ɗaki da na kicin, ya kamata takardunta su shiga lissafin: sakamakon jarabawa, takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa da katin zaɓe.

Ki kuma kwantar mata da hankali a kan abin da take tsoro. A yawancin rumfunanmu layin mata daban yake da na maza, kuma ƙa'idar hukumar ta ba masu juna biyu, da masu goyo, da tsofaffi, da masu naƙasa damar a fara sallamarsu. Na'urar BVAS da aka yi amfani da ita a 2023 tana tantance mutum ne ta yatsa ko ta fuska, don haka mai niƙabi za ta iya buƙatar ɗage shi na ɗan lokaci. Mata da dama sun ga yadda lalle mai kauri a kan yatsu ke sa na'ura ta yi gardama, saboda haka idan rajista ko zaɓe ya matso a ɗan jinkirta ƙunshin yatsu.

Ba laifi ba ne a zauna a gida a yi shawara, maigida ya faɗi ra'ayinsa, uwa ta faɗi nata, yara su saurara su yi tambaya. Hakan ma shi ne tarbiyya. Amma su sani cewa a bayan labule mutum shi kaɗai ne, ba a shiga da waya a ɗauki hoto, kuma ba wanda ke da ikon tilasta masa ya nuna abin da ya zaɓa.

Yadda ranar take

Ki zauna da yaronki ki kwatanta masa tun daga farko, kamar yadda aka yi a 2023. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana za a bar shi ya yi. Zai miƙa katinsa a tantance shi, a duba sunansa a kundi, a shafa masa tawada a farce, sannan a ba shi takardu masu hatimi da sa hannun jami'i a bayansu. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku ne: na shugaban ƙasa, na sanata da na ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta. Ranar zaɓen gwamna kuma biyu ne. Zai dangwala sau ɗaya tak a cikin gidan da ke gefen alamar jam'iyyar da yake so, ya kula kada tawadar ta haura zuwa gidan wata, kada kuma ya rubuta komai a jiki. Ya naɗe takardar a hankali yadda ɗanyar tawada ba za ta shafi wani wuri ba. Ki zana masa samfuri a takarda ki ba shi shuɗi ko tawadar biro ya gwada, ba zai ɗauke ku minti goma ba.

Idan ba mu koya musu ba, akwai masu jira

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da gida da makaranta ba su koya masa ma'anar zaɓe ba, a bakin titi zai koya, kuma malaman da ke can mun san su. Kowane gari da sunan da yake kiransu: 'yan jagaliya a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe. Ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu matan ne irinmu, kuma da yawansu suna cikin shekarun sakandare aka fara jansu da ɗan kuɗin kashewa da kayan maye. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka sama da 800 a Arewa, kamar yadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a jihar Bauchi. Waɗanda suka tura yaran kuwa nasu 'ya'yan suna can suna karatu.

Mu ma iyaye mata sai mun dubi kanmu. Mu ake bi gida-gida da taliya da sabulu da turmin atamfa, wani lokaci har a karɓi lambar katinmu ko a sa mu rantsuwa. Ba wanda ke musun halin matsin da ake ciki, kuma mai jin yunwa ba a yi masa dogon wa'azi. Amma sayar da ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe, ga mai saye da mai sayarwa, kuma yaranmu suna kallonmu. Ki ɗauki biro ku yi lissafi da ɗanki: idan an ba mutum naira dubu biyar a kan mulkin shekara huɗu, wato kwana 1,461, kowace rana ba ta kai naira huɗu ba. Wannan shi ne farashin da aka yi wa makarantarsa da asibitin da ƙanwarsa za ta haihu. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya sayi ƙuri'arki ba ki da bakin tambayarsa gobe.

Haka nan a ja musu kunne a kan abin da suke gani a WhatsApp da TikTok da Facebook lokacin zaɓe. Ba kowane sakamako da aka turo ba ne na gaskiya, ba kowace murya da aka ce ta wane ce tasa ba. Ki saba musu da tambayar wa ya faɗa, kuma a ina, kafin su tura wa wani.

Daga ƙarshe uwargida, aikin da ke gabanki ba mai yawa ba ne. Ki duba takardun haihuwar yaranki yau ki ga wa ya cika 18, wa kuma zai cika a bana. Ki nemi sanin inda ofishin hukumar zaɓe yake a ƙaramar hukumarku. Idan rajista tana buɗe, ki nemi izinin maigida ku tafi tare da yaron, ko ki haɗa shi da yayansa, in kuma naki katin yana buƙatar gyara sai ku yi gaba ɗaya. Sannan a taron iyaye da malamai na gaba ki tayar da maganar zaɓen gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yarinyar nan da na ba ku labarinta yanzu tana ɗakin mijinta a wani gari. Da ta zo ganin gida kwanakin baya na tambaye ta ko ta mayar da rumfarta can, ta yi dariya ta ce ai shi ne abu na farko da ta sa maigidan ya kai ta, kuma ita ce ma ta raka ƙannensa mata biyu suka yi tasu rajistar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu shugabanni masu tausayinmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.